Kafin Ku Buga Ƙusa a Bango

Ƙannena maza da mata, masu fensir da buroshi da masu ɗaukar hoto da waya, ina ganin ayyukanku a Facebook da Instagram, kuma raina yana fari. Hannu ya faɗa. Yaro zai ɗauki gawayi ya zana fuskar kakarsa, ka rantse numfashi take yi. Sai dai da wuya ka ji wani cikinku ya ce shi burinsa ya koyi tsara baje koli, wato ya tattaro ayyukan wasu, ya zaɓa, ya jera su a ɗaki, ya rubuta bayaninsu, ya kira jama'a su zo su gani su tofa albarkacin bakinsu. Kowa so yake ya zama mai zane. Shi ya sa zanen yake ƙarewa a bayan sif ko a cikin waya, ya sha yabon kwana biyu, shi ke nan. A kan wannan aiki nake so mu yi magana, da kuma laccocin da ake koyonsa a cikinsu, waɗanda na san da yawanku kuna ganin sanarwarsu ku wuce.

Duk wanda ya taɓa ganin mata suna jeren ɗakin amarya ya san kan aikin. Kaya iri ɗaya ne a kowane gida, amma akwai gwanar da in ta sa hannu sai ɗakin ya tashi. Ta san abin da zai hau sama, ta san wanda zai zo daidai ido, ta san wanda za a mayar cikin kwali domin ya yi yawa. 'Yan ganin ɗaki ba su ga hannunta ba, amma ita ta yanke abin da idonsu zai fara sauka a kai. Mai tsara baje koli yana da irin wannan iko, kuma nasa ya fi nauyi, domin abin da yake jerawa sunan mutane ne da tarihinsu.

Ga misalin da duk mai koyon aikin nan yake jinsa a laccar farko. A 1984 babban gidan fasahar zamani na birnin New York, wanda ake kira MoMA, ya yi wani gagarumin baje koli. William Rubin da abokan aikinsa suka jera ayyukan su Picasso da Matisse da sauran manyan Turai, a gefensu kuma suka sa sassaƙe-sassaƙe da fuskokin dodanni daga Afirka da tsibiran tekun Fasifik, don a ga yadda suka yi kama. Kowane aikin Bature yana da sunan mai shi da shekarar da aka yi shi da tarihinsa. Na Afirka kuwa yawanci sunan ƙabila kawai, ba a ce komai a kan wanda ya sassaƙa ba, balle abin da ya sa ya yi. Ko ba a rubuta komai ba, jerin ya riga ya yi magana: waɗannan su ne masu tunani, waɗancan kuma kayan da aka yi tunanin da su. Masu sharhi irin su Thomas McEvilley suka yi ca a kan abin, aka daɗe ana musayar rubuce-rubuce. Bayan shekara biyar, a 1989, Jean-Hubert Martin ya yi ƙoƙarin gyara a Paris. Ya gayyato masu fasaha kusan ɗari, rabinsu daga wajen Turai da Amurka, dukkansu rayayyu, kowa da sunansa, cikinsu har da Twins Seven-Seven da Sunday Jack Akpan daga Najeriya. An ci gaba, amma shi ma bai tsira ba. An zarge shi da cewa daga Afirka ya fi karkata ga waɗanda ba su yi makarantar zane ba, kamar dai ɗan Afirka mai digiri ya rage zama ɗan Afirka.

Wanda ya juya lamarin ɗan ƙasarmu ne, Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba a 1963. Ku lura da wannan: ba zane ya karanta ba, kimiyyar siyasa ya yi a Amurka, ya kuma fara da rubuta waƙoƙi. Da yawan zuwa wuraren baje koli da karatu da gardama ya koyi aikin. A 1994 ya kafa mujallar Nka tare da abokansa, domin ya ga ba inda ake rubutu mai zurfi a kan fasahar Afirka ta zamani. Tafiya ta yi tafiya har aka damƙa masa Documenta, baje kolin da aka fara a garin Kassel na Jamus a 1955, wanda yanzu ake yi duk shekara biyar, kuma ba a taɓa bai wa wanda ba Bature ba kafin shi. Abin da ya yi da wannan dama shi nake so ku riƙe. Ya raba aikin kashi biyar. Huɗu na farko duk zaman tattaunawa ne da laccoci, a Vienna da New Delhi da tsibirin Saint Lucia da Legas, ana magana a kan dimokuraɗiyya da adalci bayan rikici da halin da biranen Afirka suke ciki. Sai da aka gama waɗannan sannan aka buɗe ƙofa a Kassel a 2002. Mutumin da aka ba shi ɗaya daga cikin manyan zaurukan duniya ya ga cewa sai an zauna an yi magana kafin a rataya komai. A 2015 ya jagoranci baje kolin Venice, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, ya rasu a 2019.

A shekarar ne kuma aka rasa Bisi Silva, wadda aikinta ya fi kusa da abin da ku za ku iya. Ta dawo gida daga Ingila ta buɗe cibiyar fasahar zamani a unguwar Yaba ta Legas a 2007. Ba wani katafaren gini ba ne. Abin da ya fi komai daraja a cikinsa ɗakin karatu ne mai dubban littattafai, wanda kowane matashi zai iya shiga ya zauna. A 2010 ta fara wata makaranta mai suna Asiko, ta 'yan makonni, inda take tara matasa masu zane da masu son koyon tsara baje koli daga ƙasashen Afirka, manya su zo su yi musu lacca, su kuma su kawo aikinsu a tsefe shi a gabansu. Makarantar ba ta zauna wuri ɗaya ba, ta je Akara da Dakar da Maputo da Addis Ababa. Haka Koyo Kouoh, 'yar Kamaru, ta yi a Dakar daga 2008 da cibiyarta, ita ma da ɗakin karatu da zaman tattaunawa. Mata biyu, kowacce ta fara da ɗaki da kujeru da littattafai.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A Zariya aka yi ɗaya daga cikin zama mafi tasiri a tarihin fasahar Afirka. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da wasu. Malamansu Turawa ne, tsarin karatun kuma na Ingila. Su ba su ƙi koyon abin da ake koya musu ba, amma sun ƙi yarda a ce nan zane ya fara, nan ya ƙare. Suka riƙa haɗuwa bayan aji suna tattaunawa, in an yi hutu kowa ya koma garinsu ya binciko zanen kakanninsa. Okeke ya koma ga uli, zanen jiki da na bango na matan Ibo. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma har yau ba a rubuta tarihin zanen Najeriya ba tare da ita ba. Abin da yake taɓa ni shi ne, a tsakiyar ƙasar Zazzau suka yi wannan tunani, suna wucewa ta gaban gidaje masu dagi a goshi, suka koma garuruwansu da darasin. Mu da muke da gidajen, har yanzu da sauranmu wajen zama mu yi irin wannan magana a kan namu.

To, in kun ji za a yi lacca a kan zane, a sashen fasaha na jami'a ne, ko a kwalejin ilimi, ko a gidan tarihi, ko a wata cibiyar al'adu, ku je, ko da ba ku san mai laccar ba. Ku bibiyi baje kolin da ɗaliban ajin ƙarshe suke yi, domin a nan za ku ga gwaninta da kuskure gefe da gefe, kuma kuskuren ya fi koyarwa. Ku tafi da littafin rubutu. In mai lacca ya ambaci suna ko shekara, ku rubuta ku je ku bincika. In an zo zagaya ɗaki, ku bar waya a aljihu tukuna. Ku zaɓi aiki ɗaya ku tsaya a gabansa kamar minti goma, ku ga inda idonku ya fara sauka da inda ya bi, ku matsa kusa ku ga sawun buroshi, ku ja baya ku ga yadda yake zaune da maƙwabcinsa. Sannan ku tambayi kanku me ya sa aka sa shi nan ba can ba. Lokacin tambaya kuma kada kunya ta hana ku. Tambayar da ta fi amfani ga mai tsara baje koli ita ce: me ka bari a waje, kuma don me? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin wannan tambaya, domin a nan wahalarsa take.

Na san abin da yake korar da yawanku. Ku shiga ɗaki ku tarar da allon zane ba mutum ba doki ba bishiya, launuka kawai da layuka, ku ce ba ku gane ba, ko ku ce ƙaninku na firamare ma zai iya. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma shi lacca take warwarewa. Tun da kyamara ta bayyana a 1839, masu zane a Turai suka fara tambayar kansu amfanin kwaikwayon abin da inji zai ɗauka cikin ɗan lokaci. Wasu suka bi haske, wasu suka bi launi, wasu suka farfasa siffa. Picasso ya shiga wani gidan tarihi a Paris a 1907 ya ga sassaƙen Afirka, ya fahimci cewa fuska tana iya yin ƙarfi ba tare da ta yi kama da ta kowa ba. A 1915 Malevich na Rasha ya rataya baƙin murabba'i a kan farin fili ya ce zane ne. Su da gumi suka iso wurin. Ku kuwa an haife ku a ciki. Wanda ya tashi yana ganin aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyanar allon sauka, da saƙar faifai, da ƙunshi a tafin hannun yayarsa, ya riga ya san cewa layi da launi suna da daɗi ko da ba su kwaikwayi komai ba. Ba wanda ya taɓa tsayar da maɗinki ya tambaye shi hoton mene ne wannan. Idon da kuke zaɓen hula da shi a kasuwa, ku shiga ɗakin baje koli da shi.

Labarin da nake so kowannenku ya sani shi ne na Ibrahim El-Salahi na Sudan, domin gidan da ya fito irin namu ne. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade, ya dawo gida a 1957 da gwaninta irin wadda Turawa suke yabo. Ya yi baje koli a Khartum. Kamar yadda ya sha ba da labari, mutanen gari ba su damu da abin ba, ba su ga kansu a ciki ba. Wani da sai ya ce jahilai ne, ya tattara ya koma inda ake tafa masa. Shi kuwa ya shiga gari yana duba abin da mutane suke ratayawa a ɗakunansu da abin da suke ƙawata kayansu da shi, ya tarar rubutun Larabci ne da zayyana. Ya fara sa ƙananan rubuce-rubuce a jikin zanensa, sai ya ga mutane suna matsowa su karanta. Daga nan ya shiga warware haruffan, yana jan wutsiyarsu, yana buɗe cikinsu, har siffofi suka riƙa fitowa daga ciki. Abin da ake kira makarantar Khartum ke nan a tarihin zane. Tun farkon shekarun 1960 ƙungiyar Mbari ta Ibadan ta nuna aikinsa, a 2013 kuma gidan Tate Modern na Landan ya yi masa baje kolin aikin rayuwarsa, wanda Salah Hassan ya tsara. Mutanen Khartum da suka juya masa baya su suka ba shi hanyar da ta kai shi can, domin ya ɗauki shirunsu a matsayin magana, ya saurara.

Maganar hoton mai rai za ta taso, a cikin gida ko a wurin lacca, kuma kada ku yi fushi da wanda ya tayar da ita, domin da gaske yake. Hukuncin na malamai ne, ku je gare su da ladabi ku ji, kowa ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu. Abin da ya rataya a wuyan mai tsara baje koli shi ne ya san jama'arsa, ya faɗa musu tun daga ƙofa abin da za su tarar, kada ya yi wa kowa kwanton ɓauna. Filin kuma yana da faɗi. Za a yi shekaru ana baje rubutu da zayyana da rini da saƙa da ɗinki da zanen gini ba a ƙure ba.

Yanzu ga inda na fi damuwa. A 1976 an yi baje kolin fasahar Hausawa a Landan, cikin bikin duniyar Musulunci na shekarar. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya ya kuma yi bincike a kan ɗinkin Hausa, shi ya tsara shi. Ya yi aiki, Allah ya sani, kuma kundin da ya bari yana da amfani har gobe. Amma ku tambayi kanku sau nawa aka yi irinsa a Kano ko Katsina ko Damagaram, da hannun 'ya'yan masu aikin, da bayani cikin harshen da masu aikin za su karanta. Kuma in mun tashi yi, kada mu maimaita abin da muka zargi New York da shi. Mu ma muna da wannan hali. Mu ce rigar Zazzau, tukunyar Gwari, sirdin Kano, kamar gari ne ya zauna ya ɗinka. Mun san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, saboda an riƙe sunan ana faɗa. Mun san Ladi Kwali saboda Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a can, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a 1954. Aka kai aikinta Landan da sunanta a jiki, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau ga ta a bayan takardar naira 20. Gwanayen mata nawa ne a ƙauyukan Gwari a zamaninta waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu? Duk abin da za ku nuna, ku bi sawunsa har ku sami wanda ya yi shi. In ya rasu ku nemi 'ya'yansa ko almajiransa. In kun yi iya yinku ba ku samu ba, ku rubuta cewa an nema ba a samu ba, domin mai karatu ya san akwai mutum a wurin.

Ba sai kun jira babban zaure ko tallafin wata ƙungiya ba. Ajin makaranta a lokacin hutu ya isa, ko zauren wani dattijo, ko ɗakin karatu na gari. Abin da ba ya yiwuwa a rasa shi ne tambaya guda wadda baje kolin yake amsawa. "Ayyukan matasan unguwarmu" ba tambaya ba ce, tari ne. Amma a ce yaya bangon littattafan soyayya na Kano ya sauya daga zanen hannu na shekarun 1990 zuwa hoton kwamfuta, wannan tambaya ce, kuma littattafan suna nan cikin akwatunan iyayenku mata. Ko su wane ne suke zana bayan manyan motoci, wa ya koya musu? Ko a ɗauko hula iri ɗaya daga hannun maɗinka biyar a jera, a ga inda kowa ya bambanta. Ku dubi abin da Fati Abubakar ta yi a Maiduguri daga 2015. Duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da kango, ita kuwa ta ɗauki kyamara ta bi 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, ta riƙa sa su a intanet. Ba ta ƙaryata bala'in ba, ta zaɓi abin da aka bari a waje ne ta nuna.

In tambaya ta zauna, sai zaɓe, kuma a nan zumunci yake shiga. Abokinka zai kawo zane goma, biyu ne suka dace. Ɗan mai gidan da ya ba ku zaure zai kawo nasa, bai dace ba ko ɗaya. Ku koyi cewa a'a da fuska a sake, ku faɗi dalili, ku yi alkawarin wani karo in da hali, amma kada ku cika bango don gudun ɓacin rai. Aiki goma sha biyu da sarari a tsakaninsu sun fi arba'in a cunkushe. Ku shimfiɗa su a ƙasa jikin bango tukuna, ku yi ta sauya musu wuri kuna fita kuna shigowa ta ƙofa kamar baƙi, sai kun gamsu sannan ku ɗauko guduma. Tsakiyar kowane zane ya zo daidai ido, kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, in kuma yara ne za su fi yawa ku sauko da shi. Takarda da rinannen yadi ba sa shiri da rana, kada ku sa su inda hasken taga yake dukansu. Tsohuwar riga mai nauyi ba a rataye ta da ƙusa, a shimfiɗe ake nuna ta ko a kan sanda mai kauri da aka naɗe da ƙyalle.

Takardar bayani kuwa, ku ba ta lokaci kamar yadda mai zane ya ba zanensa. Sunan mai aiki, garinsa, shekara, abin da aka yi aikin da shi, sai layi biyu ko uku da za su sa mutum ya sake kallo. Ku rubuta da Hausa, in da hali da boko da ajami, Turanci ya biyo baya. Ku guji manyan kalmomin da kuka kwaso a lacca ba ku gama narkar da su ba. Ku karanta wa mahaifiyarku abin da kuka rubuta, in ta ce me kake nufi, ku koma ku sake.

Sannan ku shirya taku laccar, domin baje kolin da ba a zauna an yi magana a kansa ba rabin aiki ne. Ku sanar da mai unguwa, ku gayyaci liman da malaman makaranta. Ku sa lokaci tsakanin la'asar da magariba, ku ware wata rana ko wani lokaci da mata za su sake su zo da 'ya'yansu. Wanda zai yi magana ba dole sai mai digiri ba. Ku zaunar da malamin jami'a kusa da marini ko maɗinki ko mai zanen mota, kujera iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. In dattijon ya ce shi bai iya jawabi ba, ku ce, Baba, kawo kayan aikinka ka yi a gabanmu, mu za mu yi tambaya. Ladi Kwali da haka ta karantar a Ingila da Amurka, tana gina tukunya a gaban ɗalibai tana zagaya ta. Ku kuma masu shiri ku rage bakinku. Ku gabatar, ku yi tambaya, ku bar mutane su yi musu, har wanda zai tashi ya ce shi bai ga abin kallo a nan ba. Ku ba shi amsa da mutunci, ku rubuta abin da ya faɗa.

Saura amana. Duk abin da kuka aro, ku rubuta a takarda biyu, ɗaya gare ku ɗaya ga mai shi: mene ne, a wane hali yake, yaushe za a mayar. Ku ɗauki hotonsa a gabansa kafin ku fita da shi. In za a sayar da wani aiki, a yi maganar farashi da kason kowa tun kafin a buɗe ƙofa, kuma kuɗin mai zane ya isa hannunsa a cikin makon. Kada ku sa hoton aikin mutum ko fuskarsa a intanet sai da izininsa, musamman iyayenmu mata da suke aiki a cikin gida. Mutum ɗaya da aka ɓatar wa rigar gado ya isa ya rufe muku ƙofofin unguwa gaba ɗaya, har da na waɗanda za su zo bayanku.

Kafin ku sauke kaya, ku ɗauki hoton kowane bango yadda yake, ku naɗi muryar laccar ko da da waya ne, ku haɗa da jerin ayyuka da sunayen masu su da takardun bayani. Ku buga kwafi uku ko huɗu a shagon kwamfuta, ku kai ɗaya ɗakin karatu mafi kusa, ɗaya sashen fasaha na kwaleji ko jami'ar da ke yankinku, ɗaya ga wanda ya ba ku zaure. Kayan aro kuma ku mayar da ƙafarku, kada ku aiki yaro, ku tafi wa mai shi da hoton kayansa a jikin bango da sunansa a ƙasa.